Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatan Gidan Makama kan Hawanmu Dutsen Dala

Zuwa ga Shugaban Gidan Adana Kayan Tarihi na Gidan Makama, Kano, da dukkan ma'aikatansa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin ɗalibaina da abokan aikina malamai domin mu gode wa wannan gida a bainar jama'a, saboda hidimar da aka yi mana lokacin da muka kawo 'yan ajin ƙarshe na sakandare ziyara. Yabon gwani ya zama dole, kuma ina son sauran malamai da iyaye su san cewa a cikin birnin nan akwai ofishin gwamnati da ake shiga da buƙata a fito an biya ta har da ƙari.

Abin da muka roƙa a takardarmu bai wuce a zagaya da yaran ɗakunan gidan ba, kuma an yi hakan cikin natsuwa. Sun ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zamanin zuwan Turawa a 1903, an kuma sanar da su cewa ginin da suke tsaye a cikinsa ya samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Daga nan ne ma'aikatanku suka ba da shawarar da ta zama dalilin wannan wasiƙa. Suka ce tarihin Kano ba ya zama daram a zuciyar yaro sai ya ga birnin daga saman Dala, suka shawarce mu da mu dawo da sassafe kafin rana ta take, suka kuma haɗa mu da jagora daga cikinsu.

Wannan bawan Allah ya riga mu isa gindin dutsen. Kafin a taka matattakala ta farko sai da ya tambayi ko akwai mai ciwon asma ko wata larura, ya duba cewa kowa na riƙe da ruwan sha, ya sa malamai a gaba da baya, yara a tsakiya. Hawan ba mai tsawo ba ne, amma yana sa haki ga wanda bai saba ba, don haka yakan tsayar da mu a huta, kuma a wuraren hutawar ne yake saƙa bayaninsa. A nan yaran suka ji cewa maƙera masu narkar da tama sun zauna a kewayen dutsen tun wajen ƙarni na 7, wato ƙarnoni kafin Bagauda, sarkin Kano na farko, wanda ake lissafa farkon sarautarsa daga shekarar 999.

Da muka kai sama, inda tudun ya baje a tsayin kimanin mita 534 daga doron teku, bai yi gaggawar magana ba. Ya bar yaran suka cika idonsu, sannan ya ce kowa ya nemo unguwarsu ya nuna da yatsa. Ranka ya daɗe, na daɗe ina koyar da tarihi, amma ban taɓa ganin dabarar da ta kama hankalin ɗalibai cikin sauri kamar wannan ba, domin da zarar yaro ya gano rufin makarantar allonsu ko hasumiyar masallacin layinsu, sai duk abin da aka nuna masa bayan haka ya zama nasa. Ta kudu maso gabas ya nuna musu koriyar ƙubbar Babban Masallacin Juma'a, da Gidan Rumfa, wato fadar sarki, a gefensa, da cunkoson rumfunan Kasuwar Kurmi tsakaninmu da su. Ya bayyana musu cewa zaman kasuwa da fada da masallaci kusa da juna tsari ne na gari mai sarauta da fatauci da malanta, kuma ta wannan kasuwa ce fatu da rinannun tufafin Kano suka riƙa bin ayarin raƙuma zuwa ƙetaren Sahara. Ta yamma ga Goron Dutse yana fuskantarmu, ta arewa kuma filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Sai ya juya da su ga ganuwa, wadda Sarki Gijimasu ya fara ginawa a zamanin mulkinsa, tsakanin 1095 da 1134, ya sa su bi sawunta da ido daga Ƙofar Mazugal zuwa Ƙofar Ruwa, su lura da inda badala ta rage da inda gine-gine suka cinye ta. Wasu daga cikin yaran kullum ta ƙofofin nan suke wucewa a adaidaita sahu, amma sai ranar suka fahimci cewa ƙofofin sassa ne na katanga guda da ta taɓa kewaye garin gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya tafiyar da zancen Barbushe da Tsumburbura. Magana ce da wasu ke kauce mata don gudun a ce suna ɗaukaka tsafi, wasu kuma su cika ta da ƙarin gishiri don su burge baƙi. Shi kuwa ya faɗe ta yadda tarihin sarakunan Kano ya kawo ta: mutanen farko da ke zaune a Dala suna da abin bautarsu mai suna Tsumburbura, Barbushe ne babbansu mai shiga wurin bautar, sannan Wangarawa suka zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, Musulunci ya samu gindin zama a fada. Da wata ɗaliba ta tambaye shi ko ya dace Musulmi ya hau wurin da aka taɓa yin tsafi, ya amsa mata cikin girmamawa cewa sanin inda kakanni suka fito yana ƙara wa mutum godiya ga Allah a kan shiriyar da ya samu. Yarinyar ta gamsu, mu malamai ma mun ƙaru.

Kafin mu sauko ya nuna mana inda ruwan damina ke zaizaye jar ƙasar dutsen, ya kuma sanar da yaran cewa tun 2007 ganuwar Kano da wuraren da ke tare da ita, har da Dala, suke cikin jerin wucin gadi na wuraren tarihi na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya sunkuya da kansa ya fara tsince ledojin da maziyarta suka yar, yaran suka bi sahunsa ba tare da an umarce su ba. Na yi ƙoƙarin ba shi ɗan abin shan ruwa ya ƙi karɓa, ya ce aikinsa ne.

Muna roƙon Ranka ya daɗe ya isar da godiyarmu ga wannan ma'aikaci da masu gadi da waɗanda suka karɓi takardarmu tun farko. Muna kuma fatan za a ci gaba da ba makarantu wannan dama, musamman na gwamnati da ke cikin birni, waɗanda ɗalibansu ke kwana suna tashi a gindin Dala ba su taɓa hawansa ba. In Allah ya kai mu damina, lokacin da hazon hunturu ba ya tare ido, za mu sake aiko da takarda domin ajin da ke biye.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa wannan gida ɗaukaka.

Wassalam,
Malamin tarihi a wata makarantar sakandare, birnin Kano.