Inna mai tuwo za ta ajiye muciya

Maraɗi, daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya Abijan da ruwanta? Mu nan lafiya lau, sai hazo da sanyin asuba da suka fara shigowa. Saƙonka na murya ya iso ni, amma abin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna rubutu.

Ka cika mini kunne da manyan masu girkin birninku, wane ya koyo a Faransa, wance ta buɗe gida a Kokodi sai an kama wuri tun jiya, sannan ka ce in faɗa maka wa ke riƙe da tuta a Maraɗi yanzu. Zan zo kan wannan. Tukuna dai, kai da ka bar garin nan kana cewa rogo abincin fari ne, yau kai ne ke yabon aceke, har da sanar da ni UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2024? To madalla. Ka dai tuna garban nan, wato aceke da soyayyen kifi, da kake ci a Tireshbil, 'yan ƙasarmu ne suka yi suna wajen sayar da shi, kuma cikin masu gasa muku nama da dare ba za ka rasa namu ba. Hannun gida kake ci, wuri kawai ka sake.

Ga abin da ya hana ni barci: Inna mai tuwo za ta ajiye muciya bayan azumi. Da bakinta ta gaya mini. Gwiwa ta ƙi, ido kuma hayaƙi ya cinye shi, har sai jikarta ta duba mata canji. Ina zaune kan bencin nan da ka sani, na kasa ƙarasa malmalata.

Ka san ba tuwon kaɗai ba ne, ko da yake har yau ban ga mai tuƙa gero ya yi laushi irin nata ba, babu gudaji ko ɗaya. Miyar ce. Kukarta ita ke shanya ta a inuwa don kada ta yi ja, ita ke dakawa ta tankaɗe. Daddawar batso ita ke haɗa abarta da 'ya'yan yakuwa, ba ta taɓa yarda da ta kasuwa ba, kuma ka san yadda take ɓata rai in wani ya ce a ƙara masa magi. Zogale daga Jiratawa ake kawo mata da sassafe, ta yi dambu da shi, sauran ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Albasa in ba ta Galmi ba ce ba ta saye. Ran Juma'a kifin Madarunfa. Nama kuwa mahauci ɗaya take hulɗa da shi tun muna lakwal, ya san in ba jar akuya ba ce za ta mayar masa da kayansa. Man shanun da take zubawa a ƙarshe, kaɗan, bayan an sauke tukunya, shi ke biyo ka har bakin hanya.

Kana can a 2023 da aka rufe iyaka bayan juyin mulki, Najeriya ta yanke kuran, tiyar hatsi da ta shinkafa suka yi sama. Masu abinci da yawa sun rage kwano, ban ga laifinsu ba. Inna ta rage ribarta, malmala ta zauna yadda take, 'yan dako da 'yan kabu-kabu suna ci a rubuta musu sai sun samu. Da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya kada gidaje a garin nan, rumfarta ta tafi. Mutanen nan da take bi bashi su suka zo da itace da kwanon rufi suka tada ta, ba wanda ya kira su.

'Yar autarta ce za ta karɓa, wadda kake kira Madam don ta ji haushi. Ta dawo daga Yamai da takardar aikin otal, kuma wallahi ta iya. Na ci shinkafa da wakenta, na ci malkunta, ba abin kushewa. Sai dai burinta ta kama shago a bakin kwalta, da gilashi da fanka da firji, a rubuta abinci a takarda, a ƙara shawarma da soyayyen dankali saboda ma'aikata da ɗaliban jami'a. Maganar girki da gas maimakon itace ina bayanta ɗari bisa ɗari. Itacen dajin Baban Rafi da garin nan ya daɗe yana ƙonawa tsada yake ƙarawa, kuma ba wanda zai so idonta ya bi na uwarta. Abin da nake tsoro haya ce. Haya da kuɗin kuran da albashin yara duk cikin kwano za su fito. Tuwon da ake ci a dala 50 zai koma jika, wanda ya tada rumfar nan da hannunsa ya tsaya daga waje yana leƙe ta gilashi. Kuma mai biyan haya ba ta da kwanakin jiran daddawa ta nuna, dole wata rana ta miƙa hannu ga magi.

Af, Tsoho mai tsire yana gaishe ka. Yana nan daram, har yanzu ba ya sayar wa kowa kafin magariba, yana cewa naman bai sha wuta ba. Ɗansa ya fara kilishi, yana kurin zai kere na Tasawa. Bai kai ba tukuna, labunsa ya cika sukari, amma yankansa har ka hango haske ta ciki. Dogo ya ƙara aure, ya daina zuwa fada, sai mu gan shi ya wuce a kan babur yana ɗaga hannu kamar gwamna. Bashinka na shayi kuwa ya ce yana nan bai yafe ba.

Na yi wa Madam magana, ta saurara da ladabi, amma na san a wurinta ni mai cin tuwo ne kawai. Kai take ji, tunda ka ga manyan wurare, kuma kai ka taimaka da kuɗin karatunta. Ka kira ta. Ba cewa nake ka hana ta shago ba, ta yi abinta, Allah ya sa albarka. Ka ce mata ta bar rumfa da bencinta da tsohon farashi ko da na rana ne kawai, ta sa jikar ta riƙe, kuma ta zauna kusa da Inna watannin nan ta koyi daddawar nan da hannunta, tunda ba a rubuce take ba. Ka gaya mata abin da ka gaya mini, cewa a Abijan ma mai kwat da mai tura amalanke layi ɗaya suke bi wurin mai garba. In daga bakinka ya fito za ta yarda. In kuma da abin da za ka sa a ciki, hayar wata uku kaɗai za ta sauke mata nauyi, ni ma na ware nawa.

Aikin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ana ta maganarsa, kowa a fada ya riga ya zaɓi inda zai kafa rumfa a tasha. Ƙanenka ya ce shi fura zai sayar. Hajiya ta warke daga masassarar, tana tambaya ko za ka zo da yara babbar salla. Direban da ya kai maka yaji bara zai taso cikin makon nan, na ba shi kilishi da cuku da ƙullin daddawar Inna. Ka aiko mini da sunan wanda zai karɓa a tasha in ba ka nan.

Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
abokinka na Maraɗi