Ba raunin imani ba ne, Edita

Assalamu alaikum Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai matuƙa. Wai yaran da suka ajiye kaki suka dawo gida, in sun fara zancen kashe kansu, raunin imani ne da shaye-shaye. Kuma mai gabatarwa ya ƙyale shi, ko tambaya ɗaya bai jefa masa ba!

To ga ɗan ƙanena nan a gidanmu. Ya yi yaƙi a Borno tun ana ce wa rundunar Lafiya Dole, kafin a mai da ita Haɗin Kai a 2021. Rauni a ƙafa ya sa aka sallame shi, ko talatin bai kai ba. A sahun farko yake sallar asuba, ko sigari ba ya sha. Amma barci ya ƙaurace masa. Tayar babur ta fashe a kasuwa, sai ka gan shi kwance yana kakkarwa, yara na dariya. Majalisa ma ya daina zuwa, don da ya zauna sai wani ya ce, "Soja, mutum nawa ka kashe?"

Da ya fara raba kayansa, yana bin mutane neman gafara, yana ce wa uwarsa ya zame mata nauyi, mu albarka muke sa masa. Wani ma'aikacin lafiya na garinmu ne ya ja ni gefe: a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum ra'ayin, a kawar da maganin feshi da bindigar farauta, kada a bar shi shi kaɗai. Na tambaye shi, ya fashe da kuka ya ce e. Muka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, addu'a kuma ba mu fasa ba. Bana har riɗi ya noma.

Da a lokacin ya ji baƙonku, wallahi da bai buɗe baki ba. Dama sashe na 231 na dokar laifuka ta Final Kod, mai hukunta wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, ya ishi iyalai tsoro, ku kuma kun ƙara musu kunya. Likitoci na nan a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da asibitin Malam Aminu Kano, ku gayyato ɗaya mana.

Sannan tallar masu maganin basir ɗin nan da kuke katse shiri da ita, da kalaman da ba ka iya ji gaban 'ya'yanka, don Allah ku rage.

Mai sauraronku,
daga wani ƙauye a yankin Ringim, Jihar Jigawa