Kafin a kori mai jifa, a tambayi wanda yake masa magana a kunne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, na rubuto ne daga Kumasi a kan bayanin da na karanta a shafinku na wasanni game da ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu a ruga da ita. Na ji daɗi ƙwarai da na ga an yi zancenta da Hausa, don mu masu kallonta a Zango ba mu da yawa. Sai dai akwai inda na rabu da marubucin. Ya ce in ƙungiya ta kasa cin maki kada a wahalar da kai, a duba kwatabak, wato mai jifa, tunda ta hannunsa ƙwallo take bi a kowane karo. Wannan magana na daɗe ina jinta, kuma na ga yara da dama da ta kashe wa sana'a.

Ni makanike ne a Suame Magazin, gidana yana Aboabo. Na fara kallon wasan a 2013, shekarar da Detroit Lions suka ɗauki Ezekiel Ansah, ɗan Akra, a matsayi na 5 cikin zaɓen sababbin 'yan wasa. Ƙanena da yake zaune a Bronx shi ya koya mini dokokin ta waya, shi ne kuma ya jawo ni cikin goyon bayan Jets ta Niyu Yok. Wasannin Lahadi na farko suna fara mana da ƙarfe 5 ko 6 na yamma, na dare kuwa sai bayan sha biyu, ranar Litinin mutum ya shiga gareji ido ja.

Akwai abin da marubucinku bai faɗa ba, kuma a nan duk maganar take. A cikin hular kwanon mai jifa akwai 'yar rediyo. Tsakanin karo da karo, wato daga tsayar da ƙwallo zuwa sake ɗaukarta, ana ba ƙungiya daƙiƙa 40, koci yana gefen fili yana faɗa masa a kunne dabarar da za a yi, in saura daƙiƙa 15 sai a katse rediyon. Wanda zai ruga hagu, wanda zai yanka tsakiya, wanda zai tsaya ya tare, duk an rubuta su tun a tsakiyar mako. Mai jifa bai zaɓi ƙartai 5 ɗin da suke yi masa katanga ba, bai zaɓi masu cafe ƙwallon ba. Kuma kowane mai tsara hari, wato kocin da yake shirya dabarun kai hari, da yarensa yake zuwa. Dabara ɗaya, wannan ya kira ta da lambobi, wancan ya kira ta da jerin kalmomi. In aka canza mai tsara hari, yaro ya koma aji ɗaya ke nan, zai sake haddar littafi guda, alhali a fili bai fi daƙiƙa 3 yake da ita ba kafin wani ƙato ya danne shi.

Mu 'yan Jets mun sha wannan darasi har ya ishe mu. Tun kakar 2010 rabon ƙungiyar da shiga wasannin fitar da gwani. A tsawon lokacin nan an gwada Mark Sanchez, an gwada Geno Smith, an gwada Sam Darnold, an gwada Zach Wilson, har aka kawo Aaron Rodgers da tsufansa a 2023, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke a karo na 4 na wasansa na farko. Kowane ɗaya in ya zo a ce ga mai ceto, in zai tafi a ce dama ba shi da kai. Gida ɗaya, tukwane biyar, kowace ta ƙone, ashe ba za a duba murhun ba?

Darnold shi ne ya fi tsaya mini a rai. An ɗauke shi na 3 a 2018, yana da shekara 21 aka tura shi fili tun wasan farko, a kan Detroit ɗin su Ansah. Jifarsa ta farko abokan hamayya suka cafke suka ruga da ita har gida, amma yaron bai karaya ba, aka tashi 48 da 17 Jets na sama. Shekara na zagayowa aka kori kocinsa aka kawo Adam Gase, sabon yare, sabon littafi. A watan Oktoba na 2019 na zauna cikin dare ina kallon wasansu da New England Patriots. An ci su 33 da babu, an cafke masa jifa 4, makirufon da aka maƙala masa kuma ya ɗauko shi a benci yana cewa fatalwa yake gani. Duniya ta yi ta masa dariya. Ƙanena ya kira ni a daren ya ce, "Yaya, yaron nan ya gama yawo." Na ce masa ni ban ga ragon yaro ba, na ga yaron da ake turo masa mutane ta ko'ina kuma babu wanda ya ba shi mafita daga gefen fili. A 2020 suka sha kashi 13 a jere, suka gama da nasara 2 kacal. Aka kori Gase, aka sayar da Darnold ga Carolina.

To, a 2024 wannan Darnold ɗin, hannun nan nasa dai, ya faɗa hannun koci Kevin O'Connell a Minnesota bayan ya yi shekara guda yana zaman benci a San Francisco yana koyo. Suka ci wasa 14 cikin 17, ya jefa ƙwallon maki 35. Geno Smith ma, da aka ce ya mutu murus, a 2022 a Seattle ya karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa. Mutum biyu da Jets ta zubar, wasu suka tsince su suka ci moriyarsu.

Abin da ya sa wannan yake taɓa ni, sana'ata ce. Wata shekara wata dattijuwa daga Asawase ta kawo mini jikanta. Ya riga ya zauna wurin masta uku cikin shekara biyu, kowanne ya sallame shi da cewa ba ya ganewa. Da na zauna da shi sai na gane inda matsalar take. Na farko ya koya masa ya saurari ƙarar inji da kunne, na biyu ya ce wannan tsohon yayi ne, ya jona kwamfuta kawai, na uku kuwa wankin kayan aiki da aiken sayen koko da ƙosai kaɗai ya sa shi. Ko sunan sifana ma kowanne da yadda yake kira. In ka ce masa miƙo sha bakwai sai ka ga hannunsa yana rawa, yana tsoron kada ya miƙo ba daidai ba a zage shi gaban kwastoma. Wata 6 na yi ban ba shi komai ba sai birki. Birki kawai, safe da yamma, har ya iya shi ido rufe. Daga nan muka shiga kuloci, muka shiga giya. Ya yi shekara 4 a wurina. Yau yana da rumfarsa da yaransa, kuma in aikin giya mai sarrafa kanta ya yi mini yawa wurinsa nake turawa. Duk lokacin da na ga sabon mai jifa yana waige-waige a bayan katangarsa, hannun yaron nan nake tunawa.

Wani lokaci laifin koci a fili yake, ko wanda bai san wasan ba zai gani. A ƙarshen Nuwamba na 2024 Chicago Bears suna bayan Detroit da maki 3, 23 da 20, saura kusan rabin minti, suna da damar tsayar da agogo sau ɗaya a hannu. Aka kayar da Caleb Williams, yaron da suka ɗauka na 1 a shekarar. Koci Matt Eberflus ya tsaya yana kallo, bai tsayar da agogon ba, lokaci ya ƙare da damar a aljihunsa. Washegari aka sallame shi. Kafin nan da 'yan makonni an riga an kori mai tsara harin. Yaro a shekararsa ta farko ya ji muryoyi daban-daban a kunnensa, aka kayar da shi sau 68 a kaka ɗaya. Haka Trevor Lawrence a Jacksonville: a 2021 ƙarƙashin Urban Meyer, wanda aka kora bayan wasa 13, ya jefa ƙwallon maki 12 aka cafke masa 17. Da Doug Pederson ya zo a 2022 sai ya koma 25 da 8. Ko Bill Belichick, kocin New England Patriots a lokacin, da duk girmansa, a 2022 ya ɗauki Matt Patricia, mutumin da ya yi suna a horar da masu tsaro, ya ba shi tsara harin mai jifa Mac Jones. Mu a Magazin wannan shi ne ka kira mai gyaran wuta ka ce ya sauke maka giya.

Ban ce mai jifa ba ya laifi ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin faɗuwa 68 ɗin Williams akwai da yawa da shi ya jawo, don yana riƙe ƙwallo yana neman abin mamaki maimakon ya ba na kusa da shi. Darnold ɗin da nake karewa, a wasanni biyu na ƙarshe na kakar 2024 ya rikice, Detroit ta ci su 31 da 9, Los Angeles Rams suka fitar da su 27 da 9 bayan sun kayar da shi sau 9. O'Connell ne dai a kunnensa a ranakun. Ni ma na taɓa riƙe wani yaro shekara 5, na yi masa duk abin da na yi wa jikan dattijuwar nan, bai zauna ba, zuciyarsa tana wani wuri. Nasa laifin nasa ne.

Hujjar da ƙanena yake doke ni da ita kullum ita ce Tom Brady. Shi da Belichick sun ɗauki Super Bowl, kofin ƙarshe na gasar, sau 6 a New England. Brady ya tafi Tampa Bay a 2020, yana da shekara 43 ya ɗauki na 7 a kakarsa ta farko a can. Belichick kuwa a kaka 4 da ya yi babu shi ya ci wasa 29 ya faɗi 38, suka rabu da ƙungiyar a Janairun 2024. Ƙanena ya ce, "Ka gani ko, Yaya? Doki ne yake gudu, ba mahayi ba." Na yarda Brady na daban ne. Amma a tuna yadda aka raine shi. An ɗauke shi na 199 a 2000, ba wanda ya ɗora masa nauyin ceton gari, ya yi shekarar farko yana kallo daga benci, sannan ya yi shekara 20 a gida ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya. Wanda ya je Tampa cikakken masta ne, ya riga ya iya gyara kuskuren koci da kansa a cikin daƙiƙa 15 ɗin nan da rediyo yake mutuwa. Patrick Mahomes ma haka, a 2017 wasa ɗaya tak kocinsa Andy Reid ya bar shi ya fara, sauran yana bayan Alex Smith yana koyo. A 2018 ya jefa ƙwallon maki 50. Da a Jets ya sauka a irin shekarun Gase, Allah kaɗai ya san labarin da za mu ba da yau.

Don haka ni ma'aunina mai sauƙi ne. Mai jifan da ya yi shekara 3 ko fiye da murya ɗaya a kunnensa, katangarsa tana tsayawa, mutane suna buɗewa a gabansa yana kasa kai musu, wannan a kama shi da laifi, ban da ta cewa. Wanda kuwa bai kai haka ba, ana canza masa koci kamar riga, ana ta cin ƙungiyarsa tara tun kafin a taɓa ƙwallo saboda ba su san inda za su tsaya ba, ana ƙona damar tsayar da agogo don an makara wajen aiko dabara, wannan a bar yaro a hau sama. In an hau ma kada a tsaya kan koci, a kai ga mai ƙungiya, don shi yake ɗaukar kocin kuma shi kaɗai ne ba a kora. Mu da muke garin Asante Kotoko ba baƙi ba ne ga wannan, mun ga kocin da suka zo suka wuce a filin Baba Yara.

Roƙona ga marubucinku shi ne ya ci gaba da rubutun, kada ya tsaya. Tun da hukumar NFL mai shirya gasar ta kawo sansanin gwajin matasa Akra a 2022, yaran unguwarmu suka fara tambaya a kan wasan, wasu a cikin yarana na gareji har suna zuwa gidana kallo ranar Lahadi. Su ne za su karanta shi. In zai kawo labarin ƙungiyar da harinta ya mutu, ya gaya mana wane ne mai tsara harin, shekara nawa ya yi da mai jifan, kuma sau nawa aka kayar da yaron kafin ya ɗaga hannu. In da hali kuma ku riƙa sa mana lokutan wasannin da agogon Ghana, don lissafin yana rikita mu duk watan Nuwamba in Amurka ta mayar da agogonta baya.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Mai karatunku,
wani makanike daga Aboabo, Kumasi