Koke zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tawa daga matan zumunta masu waƙa, a kan abin da ya ci Osinachi

Ranka shi daɗe, Allah shi ja zamaninka, Allah shi ƙara ma lafiya da imani. Mu ne matan zumunta na majami'un garin Tawa, masu waƙa ranar lahadi da wajen biki da wajen rasuwa, talakawanka ne mu kuma ɗiyanka, a nan anka haifi mafi yawanmu, wasu iyayenmu daga Galmi sunka taso inda asibitin mishan take tun 1950. Ba mu saba zuwa fada da takarda ba amma wagga magana ta daɗe tana ci muna rai.

Akwai wata mawaƙiyar bishara ta Najeriya sunanta Osinachi Nwachukwu, 'yar ƙabilar Ibo daga jihar Abiya, an haife ta 1979 ita da 'yar uwatta tagwaye. A Abuja take zaune tana jagoran waƙa a majami'ar Dunamis. A 2017 ne ta yi waƙar Ekwueme tare da Prospa Ochimana, wai ma'anarta Mai faɗa da cikawa, kuma daga nan sunanta ya bi duniya. Mu nan ba mu jin Ibo ko kalma guda ranka shi daɗe amma waƙar ta shigo Tawa cikin wayoyinmu, ana tura ma juna ta WhatsApp, mace tana daka ko tana wanki ta aje waya bisa turmi tana saurare, in ta kai wurin da muryarta ke tashi sama kamar mai kuka sai ka ga mutum ya tsaya da aiki. Mun yi ta ƙoƙarin koyon ta wajen gwajin waƙa ranar asabar, babu wadda muryarta ta kai.

Ranar 8 ga watan Afrilu 2022 ta rasu a asibiti a Abuja tana da shekara 42, ta bar ɗiya huɗu. Da farko anka ce ciwon daji ne na maƙogwaro. Kwana kaɗan sai danginta da abokan waƙarta sunka fito sunka ce a'a, matar nan shekara da shekaru tana shan duka hannun mijinta, kuɗin da take samu ma ba ita ke riƙe su ba, an sha ce mata ta fita tana cewa Allah zai canza shi. Anka kama mijin, shari'a ta ja har ɗiyansu sunka ba da shaida, a watan Afrilu 2025 babbar kotun Abuja ta same shi da laifi ta yanke mashi hukuncin rataya. To uwa ta tafi uba yana kaso, yara huɗu fa?

Abin da ya fi tsaya muna shi ne mutane sun sani. Tana tsaye gaban dubbai tana waƙa kowa hannunshi sama, kuma cikin waɗanda ke kusa da ita akwai masu sanin abin da za ta tarar in ta koma gida.

Mu ma mun yi irin shi, gaskiya ce dole mu faɗe ta gabanka. Akwai wata 'yar uwarmu mai buga muna tulu, hannunta ne ke riƙe da kiɗin zumunta duka. Wata asabar ta zo ta jawo kallabi har bisa ido guda, ta zauna can baya, da ta ɗora tulun bisa cinya hannun dama bai iya bugu sai da hagu take yi kiɗin yana ta ɓacewa. Munka tambaye ta ta ce ƙofa ce ta buge ta, duk mun san ba ƙofa ba ce amma munka yi mata addu'a munka ce ki yi haƙuri ɗiyata aure ɗan haƙuri ne. Sau uku tana yaji, sau uku ana zama gaban manya, namu na majami'a da na unguwa, a ce to shi ya ba da haƙuri ke kuma tashi ki bi mijinki, tun kumburin bai sace ba. Na huɗun a amalanke anka kai ta asibiti cikin dare. Ta rayu mun gode Allah, tana gidan iyayenta yanzu amma kunnenta guda bai ji kuma ta bar kiɗi.

Kuma ba matan majami'a kaɗai ba, maƙwabtanmu musulmi da muke ɗibar ruwa famfo guda muna cin kasuwa guda, katanga ba ta ɓoye kuka, mu muna jin nasu su suna jin namu.

Shi ya sa munka zo. Mun san sulhun aure a hannun sarakuna yake kuma ba mu zo raba aure ba, mu kanmu matan aure ne. Roƙonmu shi ne ka tara masu unguwanni da hakimanka ka faɗa masu da bakinka cewa macen da ta zo da rauni a jiki kar a maida ta ɗakin a ranar, a fara kai ta wajen lokotoro a duba ta a ba ta takarda, ta kwana gidan iyayenta ko gidan mai unguwa, in raunin mai girma ne ko kuma ba shi ne na farko ba a bar maganar ta kai komisariya ko jandarma kar a danne ta a zaure don kunyar dangi. Magana in ta fito daga fada babu mai unguwar da zai taka ta, mu in munka faɗa cewa ake mata ne ke surutu.

Sai kuma abu guda. Ranar 13 ga watan Mayu ranar matan Nijar ce, tun tattakin da mata sunka yi a Yamai a 1991, muna so a wannan rana da marece mu yi taron waƙa a gidan matasa na MJC don tunawa da Osinachi da matanmu na nan da ba wanda ya san sunansu. Ba taron wa'azi ba ne, ƙofa buɗe ga kowa, muna so malamai su zo su faɗi abin da addini ya ce kan dukan mace, fastocinmu ma su faɗa gaban jama'a don su ma akwai gyara gare su. Kuɗin haya da na lasifika mun fara tarawa, kowace mace dala ashirin duk lahadi, ba kuɗi muke roƙo ba. Izininka muke so da wakili daga fada wanda zai zauna gaba kowa ya gan shi, in Allah ya sa kai da kanka ka samu zuwa to mun gama samu.

'Yar uwarmu mai tulu ta ce in fada ta yarda za ta zo ta yi magana da bakinta, ita ma ta sa hannu a takardar, waɗanda ba su yi lakwal ba sun dangwala yatsa. Muna jiran kiranka ranka shi daɗe, duk ranar da ka sa za mu zo mu da shugabar zumunta.

Talakawanka,
Matan zumunta masu waƙa na garin Tawa