Rahoton Ayyukan Shekara na Kwamitin Fasahar Kyamara da Injinan Gini

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Mafi yawan aikin kwamiti a bana ya tafi ne kan awon tulin marmara da tsakuwa da jirgi maras matuƙi, domin nan ne ɗan kwangila da mai aiki suka fi samun saɓani kan yawan tifar da aka sauke. Jirgin yana ɗaukar hotunan tulin daga sama, manhajar kwamfuta ta haɗa su ta fitar da taswirar da ake lissafa yawansa da ita. A horon da muka yi kan wannan aiki, mun yi amfani da jirgi samfurin DJI Phantom 4 RTK. Idan ya tashi mita 100, kowane ɗigon hoto yana ɗaukar kusan santimita 2.7 na ƙasa. Hotuna su hau juna da kashi 80 ta gaba, 70 ta gefe. A kafa alamomin ƙasa da za su fito a hoto aƙalla 5, huɗu a kusurwoyin filin, ɗaya a tsakiya, a auna matsayinsu kafin tashi.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne na ma'auni, wato tsarin da ake lissafa matsayin wuri a taswira da shi. Tsofaffin turakun safiyo suna kan ma'aunin Minna, jirgi kuwa da WGS84, ma'aunin da GPS ke aiki da shi, yake lissafi. Duk wanda bai daidaita su ba, taswirarsa za ta goce da gomman mitoci, manhaja kuma ba za ta ankarar da shi ba. Hazon hunturu yana dushe hoto har manhaja ta kasa haɗa wani da wani, haka ma ruwan da ya kwanta a ramin ɗibar ƙasa. A tashi da tsakar rana, lokacin da inuwa ta gajarta.

Mun kuma gwada kyamarar da ke gane mutum a bayan injin haƙa. Tana kama wanda yake tsaye sarai. Amma lebura da ya duƙa cikin rami, ko wanda ranar la'asar ke bayansa, sau da yawa yana kuɓuce mata, balle idan ƙura ta rufe gilashin. Don Allah kada kowa ya sallami mai tuta, wato mai yi wa direban inji jagora, saboda ya ɗaura kyamara. Rai ne a tsakani.

Batun injina masu sarrafa kansu, nazari kawai muka yi. Tun 2013 kamfanin Komatsu na Japan ya fitar da buldoza da ke daidaita bakinta da kanta, amma sai an loda mata zanen fili mai nuna tsawo, faɗi da tudu. Yawancin zanenmu har yanzu na takarda ne, don haka da koyon yin irin wannan zane a kwamfuta za mu fara horon baɗi. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa, ya zo da kwamfutarsa.