Zuwa Ga Abba, Kan Kwikwiyon Da Ka Kawo Gida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya tare da iyali.

Mahaifiyarka ta faɗa mini ka samo kwikwiyo saboda ɓarayin da suka dami unguwarku a Rigachikun, kuma tun zuwansa maiɗakinka ba ta huta da wanke tsakar gida ba. Mahaifiyar taka ta ce har ka fara zancen mayar da shi. Kada ka yi gaggawa. Ɗan sati takwas bai san wani wuri da ake kira makewayi ba, kuma ko ya sani, mararsa ba ta yi ƙwarin riƙe fitsari ba. Masu kiwon karnuka suna lissafa kamar awa ɗaya ga kowane wata na shekarunsa: ɗan wata biyu, awa biyu ke nan, wani lokacin ma bai kai ba. Sai ya kai wata huɗu zuwa shida kafin ya iya riƙewa sosai.

Ka zaɓa masa wuri guda a bayan gida, inda akwai ƙasa ko yashi, nesa da rijiya, da madafa, da inda ake shimfiɗa tabarmar salla. Kada ka canza wurin. Da ka fito sallar asuba, kafin ka yi komai, ka ɗauke shi ka kai shi can. Haka in ya gama cin abinci, haka in ya tashi daga barci, haka in ya gaji da wasa, sannan bayan isha kafin ku kwanta. Ka tsaya tare da shi har ya yi, kana maimaita masa kalma ɗaya kullum, ko "yi" ce kawai. Da ya gama, nan take ka shafa kansa, ka yaba masa, ka ba shi ɗan guntun nama. Nan take nake nufi, ba sai kun dawo zaure ba, don in ka jinkirta ba zai gane abin da ya yi aka saka masa ba.

Abincinsa ma a sa masa lokaci, sau uku ko huɗu a yini, in ya ci a ɗauke kwanon. Wanda ake zuba wa kanzo duk sa'ad da aka ga dama, cikinsa ma sa'ad da ya ga dama zai saki. A kula da miyar da ta sha albasa, tana cutar da jinin kare. Ruwa kuwa kada ya yanke masa da rana, ka san zafin Kaduna.

Abin da ya fi sa ni rubuto maka shi ne duka. Na san halinka in ranka ya ɓaci. Akwai masu cewa a dangwara hancinsa cikin kashin a zane shi, wai sai ya hankalta. Abin da yake koya daga nan shi ne tsoronka, sai ya riƙa laɓewa bayan randa yana yi inda ba ka gani. Kuma karen da ya tashi da tsoron mai shi ba ya gadin kirki, ko ya zama matsoraci, ko ya zama mai cizon yara. In ka kama shi yana cikin yi, tafa hannu sau ɗaya, ka ɗauke shi zuwa wurinsa. In ka tarar ya riga ya yi, ka yi shiru ka kwashe. Za ka ma riƙa gane alamar: sai ya fara shinshina ƙasa yana zagaye.

A wanke wurin da ruwan Omo sosai, domin hancinsa yana jin abin da naka ba ya ji, kuma warin ne ke sake kiransa. Da dare ka sa shi a ɗan keji daidai kwanciyarsa da juyawarsa. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, amma ka sa a ranka za ka riƙa tashi cikin dare a makonnin farko.

Batun tsarki, malamanmu na Malikiyya suna ganin jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma kashinsa da fitsarinsa najasa ne, kuma ƙwaryar da ya sa baki a ciki ana wanke ta sau bakwai. Don haka ya samu kwanonsa na kansa, kuma iyakarsa tsakar gida, ba ɗaki ba.

Ka kai shi wurin likitan dabbobi cikin makon nan, a ba shi maganin tsutsar ciki da allurar cutar zawon jini da ke kashe 'yan kwikwiyo. In ya cika wata uku, a yi masa ta ciwon haukan kare. A Vom ta jihar Filato ma ana haɗa ta. A riƙa kwashe kashin kullum ana binnewa, saboda jikokina da ke wasa da ƙasa.

Kai ka kawo shi, don haka kada ka sakar wa matarka ko almajirin gidanku aikin. In za ku zo Zariya da salla, ka taho da katin allurarsa in gani.

Ka gaida min kowa.

Mahaifinka.