Wasiƙa zuwa ga Dogo

Jimeta, 19 ga Afrilu, 2023

Dogo,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya shan ruwa a ƙasar mutane? Mu nan zafin Yola ya gasa mu, ga wuta sai an ga dama a kawo ta. Na ga saƙonka kan maganar filin nan, za mu yi ta wani lokaci, yau bari in sauke abin da ke cikina.

Jiya aka bayyana Gwamna Fintiri na PDP a matsayin wanda ya ci zaɓen gwamnan Adamawa. Ya samu ƙuri'a 430,861, Sanata Aishatu Binani ta APC kuma 398,738. Na san ka gani a Facebook, amma abin da ya faru ranar Lahadi sai wanda ke gari.

Ka tuna zaɓen 18 ga Maris bai kammalu ba. Fintiri na da 421,524, ita tana da 390,275, tazarar 31,249 ke nan, masu katin zaɓe a rumfunan da aka soke kuma sun fi haka yawa. Shi ya sa INEC ta ce sai an koma zagaye na biyu a rumfuna 69, ranar Asabar 15 ga wata. Duk mai lissafi ya san tsanin ya yi mata tsawo, sai ta kwashe kusan komai, shi kuma ya tashi a tutar babu. Hajiya dai ba ta yarda da lissafi ba. Tun da asuba take jan carbi, wai ikon Allah ya fi ƙarfin alƙaluma.

An yi zaɓe, an fara tattara sakamako da dare, aka ɗage zuwa ƙarfe 11 na safiyar Lahadi. Ina shago wajen Baba Ƙarami, ya ɗora min wuyan rigar Sallata a kan keke, sai yaronsa ya shigo a guje da waya a hannu. Ga Hudu Yunusa-Ari, kwamishinan zaɓe na jiha, zaune da takarda, kwamishinan 'yan sanda a gefensa, yana cewa Binani ta ci. Lokacin da aka sa bai yi ba, ƙananan hukumomi da dama ba a karanta nasu ba, bai kuma faɗi adadin ƙuri'a ko ɗaya ba. Baba Ƙarami ya tsayar da keke ya ce, "To ina Farfesan?" Tela ma ya san doka: baturen zaɓe, Farfesa Mohammed Mele, shi kaɗai ke da hurumin faɗin wanda ya ci. Kafin azahar INEC daga Abuja ta ce sanarwar banza ce, ta kira Hudu. A tsakanin nan har an nuna Binani a NTA tana jawabin godiya. Mata a layinmu sun yi guɗa, sun dawo sun yi tsit.

Kar ka yi min dariyar nan taka ta mugunta. E, ita na zaɓa, kuma gobe ma ita zan zaɓa. Kai da ka tsere Malesiya da katin zaɓenka a aljihu ba ka da bakin magana. Ina digirin ma? Ko har yanzu ana "rubuta babi na uku"?

Abin da ke ci min rai shi ne matar nan ta yi abin da ba kasafai ake gani ba a Arewa, aka zo aka shafa masa baƙin jini cikin minti biyar. Ita ce fa ta kayar da Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Bindow a zaɓen fid da gwani. Kotu ta soke takararta a Oktoba, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo mata da ita. Ɗan takarar Labour ya janye ya mara mata baya, duk da cewa jam'iyyarsa ta ce ba da yawunta ba. A jihar Atiku, gaban gwamna mai ci da ke nuna gadar sama duk inda ya tsaya, ta tara kusan ƙuri'a dubu 400. Da an bar ta ta faɗi da mutuncinta, da 2027 tata ce. Yanzu duk wanda ya ambaci sunanta sai a ce masa "Hudu". A majalisarmu ta bakin masallaci ana ta cewa wasu manyan jam'iyyarta ma ba su yi mata aiki ba, ni kuwa ban musa ba.

Kebbi ma ranar Asabar ɗin suka ƙarasa nasu zaɓen gwamnan, Kauran Gwandu ya ci, ba wanda ya ji hayaniya.

Af, ka ji Sudan? Ranar Asabar ɗin nan dai faɗa ya ɓarke a Khartoum tsakanin sojan ƙasar da dakarun ko-ta-kwana na RSF. Ƙanin Malam na can yana karatu, sun maƙale a ɗaki, ruwan sha ma ya zama aiki. Innarsu ba ta iya buɗa-baki sai an lallashe ta. Ka sa su a addu'a a waɗannan darare.

Mutumin naka kuma zai ƙara aure bayan Sallah. Uwargida ba ta sani ba tukuna, don haka ka kama bakinka idan kun yi waya da Maman Yara, na san ku.

Hajiya na gaishe ka, ta ce turaren da ka yi alkawari tun bara ko a jirgin ruwa ya taho ya isa ya iso. Idan an ga wata gobe, Sallah Juma'a. Ka kira bayan an sauko Idi, kowa zai kasance a gida.

Naka,
Ɗan Fulani